Alkawarin Waziri a Gadar Grauden

A zamanin da ƙasar Jamus ba ta dunƙule ta zama ɗaya ba, kowane kwari da sarkinsa, kowace gada da mai karɓar fitonta, an yi wata ƙaramar masarauta da ake kira Wolkenau. Sarki Ottokar ne bisa gadonta. Ya gaji sarauta daga ubansa, ya kuma gaji ra'ayin uban, cewa babu wani mahaluki tsakanin sarki da Ubangiji, balle a ce takardar doka.

A ƙasar nan aka haifi Anselm Rehfeld, ɗan wani majemi a Grauden, garin masaƙa da ke bakin kogi. Ubansa ya sayar da rabin kayan sana'arsa ya tura shi karatun shari'a. Ya dawo lauya mai kaifin harshe, ya shiga sahun masu sassaucin ra'ayi. Su waɗannan ba su ce a tuɓe sarki ba. Abin da suka ce shi ne sarki ma ya zauna ƙarƙashin doka: a kafa majalisar wakilai, a bar jaridu su faɗi abin da suka gani, kada a ɗaure mutum sai alƙali ya ji ta bakinsa. Wannan magana ta kai shi kurkukun dutse na babban birni, inda aka kulle shi ɗaki ɗaya da abokinsa na ƙuruciya, Malam Kaspar Ullmann, malamin makarantar Grauden. Tare suka ci busasshen burodi, tare suka yi tarin sanyi. Da aka sake su, Anselm ya auri Henrike, ƙanwar Kaspar, abota ta koma surukuta.

Sai shekarar bore ta zo. Jama'a suka tashi a biranen Jamus, sarakuna suka tsorata. A Wolkenau mutane suka cika ƙofar fada har babu masaka tsinke, Sarki Ottokar ya fito kan bene fuskarsa fara fat, ya ce ya yarda da tsarin mulki, ya kuma naɗa Anselm Rehfeld Waziri. Ɗan majemi ya shiga fada ana ta yi masa kirari. Da hannunsa ya rubuta kundin tsarin mulkin ƙasa. Kaspar kuwa ya ƙi kowace irin kujera. Ra'ayinsa ya fi na surukinsa zafi, shi a ganinsa muddin akwai sarki, takarda ba za ta ɗaure shi ba. Ya koma makarantarsa.

Kafin shekara ta zagayo, iska ta juya. Babbar Daular Arewa, maƙwabciya mai tarin sojoji, ta shiga taimaka wa sarakuna suna karɓe abin da suka bayar cikin tsoro. Sarki Ottokar ya fara jan ƙafa a kan kowace doka. A Grauden, tufafin inji na ƙasashen waje sun karya kasuwar masaƙa, haraji kuma bai ragu ba.

Wata rana da hantsi manzo ya iso fada, dokinsa na kumfa, ya faɗi gaban Sarki.

"Allah ya ja zamaninka, Grauden ta rufe ƙofofinta. Sun kori masu karɓar haraji, sun fasa ma'ajiyar makamai, sun sauke tutarka daga soron gari. Malam Kaspar Ullmann ne a gabansu."

Sarki ya sa aka tara majalisar fada. Galadima Eberhard, baffan Sarki, ya zo yana dogara sanda. Sarkin Yaƙi von Drossen ya zo da takobi a ɗamare. Ma'aji da Alƙalin Alƙalai suka zauna a wurarensu, Waziri ya zauna a hannun daman Sarki.

Sarkin Yaƙi ne ya fara miƙewa. "Ranka ya daɗe, garin da ya sauke tutar sarkinsa ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ka ba ni igwa, in mayar maka da ganuwar Grauden tsakuwa. In dakarunmu sun yi kaɗan, Daular Arewa kalma ɗaya take jira daga bakinka. Mun gwada lallashi bara, ga abin da ya haifar mana."

Galadima ya yi gyaran murya, bai tashi ba saboda tsufa. "Ɗana Sarki, tun ina yaro shamuwa ke sheƙa a rufin babbar majami'a. Bana sun tashi sun bar 'ya'yansu a sheƙa, ba su dawo ba. Ran Lahadi kuma babbar ƙararrawa ta tsage ana cikin bugunta. Ba zan fassara abin da Ubangiji bai fassara mini ba. Amma na daɗe a duniya, ban taɓa ganin baƙon soja ya shiga ƙasa da sunan taimako ya fita don ransa ba."

Sannan Waziri ya miƙe. Duk wanda ya taɓa jin sa a kotu ya san in ya fara magana a hankali, to da gaske yake.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Mutanen Grauden ba abokan gaba ba ne. Su suka saƙa rigar da ke jikin dakarunka, su suka jeme fatar sirdin Sarkin Yaƙi. Yunwa ce ta sauke tutar nan, ba ƙiyayya ba. In ka harba igwa a kansu, garinka ka rushe, kuma haraji ba ya fitowa daga kango. In ka kira sojan Arewa, daga ranar kai baƙo ne a fadarka. Ka rantse a kan tsarin mulki gaban jama'a, ka ce kai uba ne mai bin doka. To ga ranar da za a gane. Ka yi musu afuwa. Su ajiye makamai, majalisar wakilai ta duba kukansu. Ni da kaina zan kai musu saƙon, kuma in ban dawo maka da Grauden ba tare da ɗigon jini ba, ka karɓi wazircinka."

"Waziri zai je gaida surukinsa ke nan," in ji Sarkin Yaƙi.

"Ƙwarai kuwa. Don shi surukina ne zai saurare ni. Kai wa zai saurare ka a can, in ba da bakin igwa ba?"

Sarki ya daɗe yana juya zoben hannunsa. Daga bisani ya ce, "Ka je, Waziri. Ka gaya musu duk wanda ya haye gadar Grauden ya ajiye makaminsa a wannan gaɓar, zai koma gidansa lafiya. Kalmar sarki ce."

"Batun Daular Arewa fa, ranka ya daɗe?"

"Ban kira kowa ba."

Sarkin Yaƙi, wanda bai taɓa barin gardama ta ƙare ba da muryarsa ba, ya koma ya zauna shiru yana kallon ƙasa. Anselm ya lura da shirun nan. Bai tambaya ba. Nasara ta yi masa daɗi, ya fita da sauri.

Hanyar Grauden ta ratsa wani daji mai dogayen itatuwa. Rana ta karkata lokacin da keken dokin Waziri ya tsaya ba zato. Ya leƙa, ya ga sojoji sun tare hanya, kuma kakinsu ba kore ba ne irin na Wolkenau, shuɗi ne mai duhu. Bayansu, tsakanin itatuwa, tantuna ne har iya ganin ido, da dawakai a ɗaure, da igwa an lulluɓe su da rassa. Tokar murhunsu ta nuna ba yau suka sauka ba. Tun kafin majalisar fada ta zauna suna nan.

Wani hafsa ya matso ya sara masa, ya yi magana da karin harshen Arewa. "An ce mu bar ka ka wuce, Waziri. Allah ya kiyaye hanya."

Da suka ɗan yi nisa, mai tuƙin keken ya waiwayo. "Ranka ya daɗe, mu juya?"

Anselm ya auna al'amarin. In ya koma fada, Sarki zai musanta, gobe kuma a buɗe wa Grauden wuta da mata da yara a ciki. In ya je ya gaya wa Kaspar abin da ya gani, ba wanda zai ajiye makami, za su yi yaƙi har mutum na ƙarshe. Amma in suka miƙa wuya, sojan Arewa ba su da hujja, sai su naɗe tantunansu su koma. Haka ya gaya wa kansa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a ƙarƙashin waɗannan dalilai akwai wani da bai so ya dube shi ba: in ya kashe wutar boren nan da harshensa kaɗai, ba mai iya taɓa kujerarsa, ba mai iya taɓa kundin da ya rubuta, kuma sunansa zai wuce na kowa a ƙasar.

"Ci gaba," ya ce.

Mutanen Grauden sun toshe bakin gada da amalanke da gangunan rini da itatuwan saƙa. Da suka gane shi suka buɗe masa hanya. Tsofaffin da suka san ubansa suna ta kama hannunsa, suna cewa ɗan majemi ya zo, ɗanmu ya zo. Ya sami Kaspar a zauren makaranta tare da manyan masaƙa, ya rame, ya rataya bindigar da ko riƙonta bai iya sosai ba.

Anselm ya isar da saƙon Sarki kalma bisa kalma. Zauren ya kaure da gardama. Wasu suka ce su gwammace su mutu a bakin gada, wasu suka ce garin ya kusa ƙarar da hatsinsa. Kaspar ya bari suka gaji, sannan ya tako har gaban surukinsa.

"Anselm, ba Waziri nake tambaya ba. Mijin ƙanwata nake tambaya, wanda muka rufa da bargo ɗaya a kurkuku. Ana raɗe-raɗin an ga baƙin dawakai. Kai ta daji ka biyo. Akwai sojan Arewa a ƙasar nan?"

Anselm ya dubi surukinsa. Duk idanun zauren na kansa.

"Babu," ya ce. "Ban ga kowa ba sai masu saran itace."

Kaspar ya sauke ajiyar zuciya, ya juya ga jama'a. "Kun ji da kunnenku."

Wani dattijon masaƙi ya ce, "Malam, yaushe muka fara yarda da kalmar sarki?"

"Ba kalmar sarki na karɓa ba, Baba. Tasa na karɓa. Tun muna yara mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Aka kawo wa Anselm miya da burodi daga ɗan abin da ya rage musu. Ya ɗauki cokali, ya ajiye, ya ce gajiyar hanya ce.

Washegari da rana ta fito suka kwashe shingen. Anselm ya riga su hayewa, ya tsaya a ɗaya gaɓar, hularsa a hannu, don kowa ya gan shi. Suka fara fitowa a jere, masaƙa da marina da majema, wasu da bindigogi, wasu da lauje da gatari. Kowa ya iso sai ya jefa nasa kan tarin, ya gaida Waziri, ya koma gefe. Wani ya ce masa, "Allah ya saka maka, yau zan kwana da iyalina." Anselm ya gyaɗa kai, idonsa na kan bakin daji. Fiye da rabinsu suka haye ba abin da ya motsa, har ya fara jin cewa dabararsa ta ci.

Sai aka busa ƙaho.

Barade masu shuɗin kaki suka ɓullo daga dajin ta dama da hagu, takubba a zare, suna zagaye filin. Bayansu dakaru suka janye rassa daga kan igwa. Anselm ya ruga wajensu hannuwa a sama, yana ihu, "Ku tsaya! Akwai afuwar Sarki! Ni ne Waziri!" Ba wanda ya ji shi. Mutanen Grauden da suka ga an rutsa su suka yi kan tarin makamai. Wani ya harba, ba a san ko wane ne ba, kuma abin da ake jira ke nan. Igwa ta yi tsawa. Harbin farko ya faɗa tsakiyar gada inda mutane suka cunkushe, katangar gefe ta karye, suka dinga zuba cikin kogi.

Masaƙan sun yi faɗa fiye da yadda kowa ya zata. Da lauje suka dinga sare ƙafafun dawakai, da gatari suka tari takobi. Kaspar ya tara 'yan mutane a bakin gada, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa don waɗanda ke baya su samu su koma gari. Sau biyu barade suka afka musu, sau biyu suka ja da baya. A na uku harsashi ya sami Kaspar a kafaɗa, ya durƙusa, aka hau kansa. Kafin rana ta take, an gama. Hayaƙin albarushi ya kwanta kan ruwa, mata suna bin gaɓar kogi suna kiran sunaye.

Anselm kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Tun ƙahon farko hafsan nan ya sa sojoji biyu suka riƙe shi a gefe, bisa umarnin cewa kada wani abu ya taɓa Waziri. A tsaye ya kalli komai.

Da ya koma fada, takalmansa da taɓon gaɓar kogi, Sarki ya karɓe shi cikin natsuwa, Sarkin Yaƙi na tsaye a bayansa.

"Ka ba ni kalmarka, ranka ya daɗe."

"Na ce wanda ya ajiye makami zai koma gida. Sun ajiye, sun sake ɗauka. Ni ban karya komai ba." Sarki ya nuna masa kujera, Anselm bai zauna ba. "Ka saurara, Waziri. Fursunoni sun fi ɗari uku. Kwamandan Arewa ya ce a jera su, a harbe ɗaya cikin kowane goma. Na roƙe shi, ya yarda da mutum ɗaya, shugabansu, sauran a sake su. Amma akwai matsala. Tsarin mulkinka ya ce ba a zartar da hukuncin kisa sai Waziri ya sa hannu. Kai ka rubuta, kai ka koya mini bin doka."

"In na ajiye wazircin fa?"

"To babu Waziri, babu tsarin mulki, sai dokar soja. Kwamandan Arewa ya yi yadda ya so tun farko. Zaɓi na hannunka."

A gida Henrike ta tarye shi a ƙofa, idanunta sun kumbura. Ya yi zaton za ta zarge shi. Sai ta kama hannuwansa biyu.

"Maigida, kada ka kashe kanka da baƙin ciki. Na san yadda aka yaudari Yaya Kaspar haka aka yaudare ka. Da ka san suna dajin nan, da kai za ka fara tare gadar da jikinka."

Ta cire masa takalma da hannunta, ta wanke taɓon. Ya zauna yana kallonta, bai hana ta ba.

Kashegari ya je kurkukun dutse. Kaspar na zaune a kan tabarmar ciyawa, kafaɗarsa naɗe da tsumma. Ya daɗe yana duban surukinsa.

"Ka gan su."

"Na gan su."

"Tun kafin ka shigo makaranta."

"Tun a hanya. Kaspar, na yi zaton in kuka ajiye makamai ba za su sami hujja ba. Na yi zaton..."

"Na san abin da ka yi zato. Kullum kana da dalili mai kyau, shi ya sa ka fi ni iya shari'a." Babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi wa Anselm ciwo. "Da ka gaya mana gaskiya, mai yiwuwa da mun mutu gaba ɗaya. Mai yiwuwa da mun sulale ta bayan gari. Ban sani ba. Amma mu ne ya kamata mu zaɓa, ba kai ba. Kai da ka sha ɗauri don a bar talaka ya zaɓa wa kansa."

Anselm ya gaya masa sharaɗin Sarki. Kaspar ya yi wani guntun murmushi.

"To me kake jira? Ka sa hannu. Ba don kai ba, don mutum ɗari uku da na fito da su da bakina. Amma kada ka tsaya nan kana jiran in ce na yafe. Nawa hakkin zan iya bari. Na waɗanda suka faɗa kogi ba a hannuna yake ba." Ya ɗan yi tari, ya dafe kafaɗa. "Henrike ta sani?"

"A'a."

"Kada ka gaya mata. Kai kaɗai ka rage mata. In ta zo sallama zan ce ni na sa ka sa hannu. Wancan kuma ka riƙe shi kai kaɗai, nauyinka ne."

Anselm ya sa hannu. Aka harbe Kaspar Ullmann a farfajiyar kurkuku da safe, kuma ƙarar ta iso har ofishin Waziri. Da yamma aka buɗe ƙofa aka saki sauran. Matansu suka taru a ƙofar gidan Anselm suna sa masa albarka, wata tsohuwa ta durƙusa ta sumbaci gefen rigarsa. Ya shige ciki ya rufe ƙofa.

Daga nan ya daina cin abinci sai don Henrike ta matsa. Ya ƙudura a ransa cewa a zaman fada na gaba zai ajiye wazirci gaban kowa, tun da fursunoni sun tsira. Zai koma majalisar wakilai ya zauna cikin 'yan jam'iyyarsa, ya ƙarar da sauran ransa yana kare tsarin mulki daga Sarki. 'Yan jam'iyyar sun yarda da shi har yanzu, suna ganin mutum ne da fada ta ci amanarsa. Ya gaya wa shugabanninsu, suka ce za su zo su tsaya a bayansa. Henrike ma ta ce za ta zo, ko da baƙaƙen kayan makoki ne, don ta ga ranar da mijinta zai wanke hannunsa daga fadar nan.

Ranar zaman, babban zauren fada ya cika. Galadima bai zo ba, an ce ya kwanta ciwo tun ranar gada. Hafsoshin Arewa suna jere kusa da karagar mulki, wakilan jama'a a ƙasa, matan manya a kan bene, Henrike a cikinsu. Anselm ya yunƙura zai miƙe, sai Sarki ya ɗaga hannu.

"Zauna tukuna, Waziri. Yau ranarka ce, bari sarkinka ya fara."

Sarki ya miƙe, abin da ba ya yi sai a babban al'amari.

"Ya ku manyan ƙasa da wakilan jama'a, ana ta yaba wa Sarkin Yaƙi da abokanmu na Arewa a kan nasarar Grauden. Adalci ya sa in faɗi wanda ya fi kowa cancanta. Garin nan yana da ganuwa da kogi, da mun yi asarar dakaru masu yawa kafin mu shige shi. Wazirinmu ne ya fito mana da su fili. Ya ratsa sansanin abokanmu a daji, ya ga tantuna da igwa da idonsa, hafsan da ya buɗe masa hanya ga shi nan tsaye. Da shugaban 'yan bore ya tambaye shi gaban jama'a, bai bar zumunci ya rinjayi biyayya ba. Ya ce bai ga kowa ba sai masu saran itace."

Hafsoshin Arewa suka yi dariya, suka tafa. Sarkin Yaƙi ya tafa a hankali, yana kallon wakilai.

"Saboda haka mun ɗaukaka shi zuwa sahun masu sarauta. Daga yau sunansa von Rehfeld, shi da zuriyarsa. Mun ba shi lambar girma mafi daraja a ƙasar nan, mun kuma ba shi gandun sarauta da ke gaɓar kogin Grauden, ya zama nasa har abada."

A nan Anselm ya gane abin da aka daɗe ana shirya masa. Da Sarki ya tuɓe shi ko ya ɗaure shi, da jam'iyyarsa ta sami gwarzo. Yanzu kuwa ba wanda zai ƙara yarda da mai sassaucin ra'ayi a Wolkenau, tun da babbansu ne ya yi wannan. Ya dubi sahun wakilai. Shugabansu, wanda suka yi shekaru suna gwagwarmaya tare, yana jiran ya musanta. Da bai ji komai ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Na kusa da shi ya bi shi, sannan na gaba, har kujerun suka zama wayam.

Ya ɗaga kai ya dubi bene. Henrike ta miƙe tsaye, hannunta riƙe da ƙarfen gefe, tana dubansa. Kalma biyu take jira, ya ce ƙarya ce, kuma ya san in ya faɗa za ta yarda da shi ta ƙaryata Sarki da hafsa da duniya duka. Ya nemi kalmomin a bakinsa, irin waɗanda suka fito masa da sauƙi a zauren makaranta. Wannan karon suka ƙi fitowa. Ta ci gaba da dubansa har ta karanta amsar a fuskarsa, sannan ta saki ƙarfen, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya.

Shamaki ya matso da lambar a kan matashin alharini, ya raɗa masa, "Waziri, ana jiran godiya."

Babu jam'iyyar da zai koma wa, babu garin da zai shiga, babu gidan da za a tarye shi. Duk ƙasar Wolkenau wuri ɗaya ya rage masa, a hannun daman Sarki. Ɗan majemi ya tako gaban karaga, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai aka rataya masa lambar.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. "Allah ya ja zamanin Sarki."